Me ya haɗa taliya da mulkin Musolini?

Ummu Hauwa: Jama'a, jiya na karanta cewa a 1930 wani mawaƙin Italiya, Marinetti, ya nemi a daina cin taliya a ƙasarsu. Abin ya tsaya min a rai. Ina ruwan mawaƙi da tukunya?

Malam Sani: Hajiya, shi ne jagoran 'yan Fucurizim, masu fasahar da ke ɗaukaka inji, gudu da yaƙi. Cewa ya yi taliya na sa kasala. Amma ki lura, tun 1925 Musolini, shugaban mulkin kama-karya na Italiya, ke fafutukar rage sayo alkama daga waje, ana kwaɗaita wa mutane shinkafa. Bakinsu ya zo ɗaya.

Baffa: A gidan abincin 'yan Fucurizim na birnin Turin, 1931, kana ci da dama, hagunka na shafa siliki da takarda mai kaushi, ana fesa maka turare.

Anti Binta: Ni iyalin Cervi ke sa ni hawaye. Da Musolini ya faɗi a Yulin 1943, waɗannan manoman suka dafa taliya da man shanu da cuku, suka raba wa jama'a a dandalin garin Campegine. A Disamba 'yan fasist, wato magoya bayan Musolini, suka harbe 'ya'yan gidan maza bakwai.