Layin cika kwalabe na yanke sadarwa bayan wankin dare

Mai Kula da Layi:
Salam injiniyoyi. Layin cika kwalabe mai PROFINET, wato tsarin sadarwar na'urorin masana'anta ta kebul ɗin Ethernet, yana aiki lafiya duk yini, amma da an gama wanki da ruwan zafi, sai na'urori biyu ko uku su ɓace wa PLC, kwamfutar da ke sarrafa layin. Bayan ɗan lokaci su dawo da kansu. Mahaɗan kebul ɗin duk M12 ne, irin na murɗawa, masu matakin kariyar ruwa da ƙura IP67. Ta ina za a fara dubawa?

Tsohon Makanike:
Ɗan'uwa, IP67 ɗin ne farkon matsalar. Gwajinsa nutsarwa ne a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, ruwan kuma a kwance yake. Mesar wanki ba haka take ba. Abin da ya dace da ita IP69K ne, wanda ake gwadawa da ruwa mai zafin digiri 80, matsin bar 80 zuwa 100, daga nisan santimita 10 zuwa 15.

Amma ko da shi, ruwa yakan shiga ta wata hanya. Ruwan zafi ya dumama akwatin haɗa wayoyi, iskar ciki ta kumbura ta fita. Da ya huce sai ya zuƙo danshi ta bakin roba ko ramin kebul. Buɗe mahaɗi ɗaya da safe ka leƙa: in ka ga raɓa ko kore-kore a kan fil, ka samu ɓarawon. Maganinsa a sa wa akwatin mashaƙar iska mai tace ruwa, a shigo da kebul ta ƙasa, a bar masa ɗan lanƙwasa yadda ruwa zai ɗiga kafin ya kai mahaɗi. Kuma a ɗaure M12 da sifana mai auna ƙarfi, yawanci Nm 0.6. Ɗaurin hannu ba ya danne robar yadda ya kamata.

Hajiyar Sarrafa Inganci:
Ƙari kan maganar Baba Makanike: a duba rigar kebul. Robar PUR na jure mai da gogayya, shi ya sa masu haɗa inji ke son sa, amma ruwan zafi da soda kostik suna cin sa har ya tsattsage. Wurin da ake wanki kullum, robar PVC ko TPE da aka yi don wanki sun fi daɗewa. Notin mahaɗi kuma ya zama ƙarfe mara tsatsa 316L. Tagulla mai rufin nikel ba ta jimre kumfa mai kilorin. A ɗakin daskarewa labari ya juye, PVC na yau da kullum sandarewa yake yi ya fashe.

Injiniyan Sadarwa:
Kafin a kwance komai, Malam, shiga suwic ɗin sadarwa ka karanta ƙidayar kurakuran CRC, wato saƙonnin da suka iso a lalace, a kowace ƙofar jona kebul, kafin wanki da bayansa. Ƙofar da ƙidayarta ta yi tsalle, igiyarta ce mai ciwo. In kuwa kurakuran na ƙaruwa ne lokacin da famfunan wanki suka tashi, to ba ruwa ba ne, hayaniyar lantarki ce daga inbata, na'urar da ke sarrafa gudun famfo. Sai a raba kebul ɗin sadarwa da na wuta da kamar santimita 20, in dole su haɗu su gitta juna a tsaye, ragar kariyar kebul ta kama ƙasa zagaye guda, ba a murɗe ta kamar jela ba.

Sannan ina zargin layi ɗaya aka jera na'urorin, shi ya sa ɗaya ke jan na bayanta. A mayar da shi zobe da MRP, tsarin da ke sauya wa saƙo hanya in gefe ɗaya ya yanke. Sai dai a kula: MRP na iya ɗaukar milisakan 200 kafin ya sauya hanya, PROFINET kuwa a saitinsa na asali zagayen sabunta bayanai uku kawai yake jira. In lokacin sabuntawa milisakan 2 ne, bayan milisakan 6 ya ce na'ura ta ɓace. Dole a ɗaga lokacin jiran ya wuce 200, in ba haka ba zoben ado ne kawai.

Mai Kula da Layi:
Na gode ƙwarai. Jere ɗaya ne kuwa. Sensoshin bakin injin cikawa fa, su ma a bar su a kan Ethernet?

Injiniyan Sadarwa:
A'a, kai su IO-Link, tsarin jona sensoshi da wata babbar na'ura da ke haɗa su da Ethernet. Waya uku ce mara raga, tana kai mita 20, sai ka ɗauke babbar na'urar daga inda mesa ke dukanta. Ƙofofin da ba a amfani da su kuma a toshe su da murfinsu.