Me Ke Cikin Gafakar Malam Zurƙe?

Uwar Aji:

Salamu alaikum 'yan zaure. Mun gama Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam, da 'yan aji biyu na babbar sakandare. A cikinsa Malam Zurƙe shi ne abokin gabar Alhaji Imam, jarumin labarin. Na gaji da tambayar nan ta "bayyana halayen Malam Zurƙe ɗan Muhamman", wadda mutum ɗaya ke amsawa saura su kwafe, sai na ce bari mu taɓa aikin hannu. Ga yadda ta kaya, kuma da waƙa nake son amsa.

Na raba kwali, na raba danƙo,
Na ce kowa ya haɗa gafaka.

Ba na son fuska, ba na son gemu,
Kayan cikinta nake so ku saka.

Abu uku tak, kowanne da hujja,
Ka buɗe shafin, ka ɗora yatsanka.

Wani ya kawo sanda da tsumma,
Ya ce guzuri ne na mai shan duka.

Wani ya ce kura ce ta yi lulluɓi,
Fatar akuya ya zana ya yanka.

Mafi yawansu hukuncinsu ɗaya,
Zurƙe macuci ne, babu shakka.

To ku manya, in an ba ku kwalin,
Da me za ku cika masa gafaka?

Baba Mai Alli:

'Yata sannu, amma ina da ja,
Ni tsoho ne da ya sha ƙurar alli.

A zamaninmu da baki ake karatu,
A tsaya kan jimla a nemi dalili.

Marubucin ya yi malanta a Midil ta Katsina,
Wa ya gan shi da danƙo, wa ya gan shi da kwali?

Ranar jarrabawa takarda za a miƙa,
A ce rubuta hali, ka kawo misali.

In awa biyu ta tafi a liƙe-liƙe,
Yaushe za ki cim ma abin da ke jadawali?

Ki ɗan gwada su ma. Gasar 1933 ce ta haifi littafin, wadda Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya, ita ce kuma ta ba mu Ganɗoki da Shaihu Umar. Abubakar Imam haifaffen Kagara ne a 1911, yana ɗan shekara 22 ya rubuta shi. Masu gafakar nan, ko wannan sun riƙe?

Ɗan Tasha:

Ni tawa gafakar ba ta da nauyi,
Layar zana da buhun ƙarya.

Da man zafi na shafa wa baya,
Don yana shan sanda a kowace alƙarya.

Shi da Alhaji kar ta san kar ne,
Duma ɗaya ne aka fafe ƙwarya.

Baba, ka bar yara su yi liƙi,
Mu da muka haddace ga mu muna facin taya.

Ƙanwar Zurƙe:

Ɗan Tasha tsaya, kar ka haɗa su,
Koma tushen rigimar ka bi ta.

Wa ya shiga gari babu karatu,
Ya shimfiɗa buzu yana malanta?

Alhaji ne. Zurƙe ya zo gwada shi,
Jama'a suka taru a gane mai cuta.

Alhaji ya duƙa ya ja layi a ƙasa,
Ɗan lanƙwasasshe, ya ce a karanta.

Zurƙe ya bi haruffa yana ta kawowa,
Alhaji ya ce duk ba su ba, jinjirin wata!

Mutanen gari suka bi mai wayo,
Mai ilimin aka kora aka kunyata.

Wanda aka yi wa haka a bainar jama'a,
Ramuwar gayya wa zai hana ta?

Uwar Aji:

Ƙanwata kin riga ni, abin da na ɓoye ke nan don in ji bakinku tukuna.

Akwai yarinya a bencin baya,
Shiru-shiru ce ko a wajen aiki.

Tata gafakar ta zo da ita sakayau,
Allon kwali kaɗai ke a ciki.

A kan allon layi guda lanƙwasasshe,
Na juya shi, na kasa ba da maki.

Na ce ina saura? Ta nuna murfin,
Ta yanka shi da leɓɓa, siffar baki.

Ta ce, Malama, wa ke ba da labarin?
Alhaji ne ke jero shi daki-daki.

Duk munin da muka ji a kan Zurƙe,
Daga abokin gaba ne, ina abin mamaki?

Ba zan ɗora masa kayan da ban gani ba,
Sai na ji nasa, ko da a mafarki.

Wallahi ajin ya yi tsit. Mai fatar akuya ne ya fara jawo littafinsa yana neman shafin.

Ɗan Tasha:

Yarinyar nan ku kai ta kotu,
Lauya ce tun ba ta girma.

Amma Zurƙenta ba waliyyi ba ne,
An cuce shi, ya cuta, an sake, ya rama.

Baba Mai Alli:

Sau nawa na bi littafin nan da yara,
Ban tuhumi bakin ba, na bi labari.

Jikata da almakashi ta gano shi,
Na cire hula, wannan shi ne nazari.

Amma 'yata, ban janye duka ba,
Ki sa ta rubuta shi, shafi guda, a tsari.

Mai makin jarrabawa ba zai ga murfin ba,
Yana can da jan biro a wani gari.

Uwar Aji:

Na karɓa Baba, ranar Litinin kowa zai kawo shafi guda a kan abin da ya saka. Maki kuwa na rage mata biyu, don abu uku na ce ta kawo biyu, kuma har yanzu 'yan ajin ba su yafe mini ba. Mako mai zuwa gafakar Alhaji Imam za mu haɗa, da sharaɗin Zurƙe ne zai cika ta. Ɗan Tasha, kwalinmu ya ƙare, ka tara mana na taliya a tashar nan.

Ɗan Tasha:

Kwali akwai, ki turo monita,
Amma danƙon faci kuɗinsa daban.