Kwana 16 na Gangami: Musayar Baitoci

Malamin Makaranta:

Na buɗe fage da waɗannan baitoci, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya riƙe amsa-amon “wa”.

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami,
Domin in yi bayani a kan gangami,
Wanda ake yi don tona asirin azzalumi,
Mai dukan iyalinsa yana ɓoyewa.

Daga 25 ga watan Nuwamba,
Har zuwa 10 ga watan Disamba,
Kwana 16 ke nan, ba kaɗan ba,
Ƙasashe suna ta wayar da kan kowa.

Mata uku da suke uwa ɗaya uba ɗaya,
'Yan gidan Mirabal, masu ƙarfin zuciya,
A 1960 mutanen mai mulkin kama-karya Trujillo suka kashe su a hanya,
A Jamhuriyar Dominikan, su ake tunawa.

A 1991 masu fafutuka suka soma,
A 1999 Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma
Ta ware ranar farko domin al'umma
Ta san cin zarafin mace laifi ne abin hukuntawa.

Dattijo Mai Shakka:

Malam, na ji tarihinka, ban musa ba,
Amma tambayar da ke raina ba ka amsa ba:
Matar da aka kulle a ɗaki ba ta je taron ba,
To, wa ya kai mata saƙon da kuke rerawa?

Ina ganin riguna masu ruwan goro,
Da manyan baƙi a zauren taro,
Ana tafi, ita kuwa tana kwana da tsoro,
Ran 11 ga Disamba tutoci ake naɗewa.

Ma'aikaciyar Jinya:

Baba, a gafarce ni, zan sa baki,
Domin wannan lamari shi ne nawa aiki,
Na sha karɓar masu rauni a zuci da jiki,
Waɗanda saƙon gangami ne ya sa su zuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani,
Cewa kusan mace ɗaya cikin uku a wannan zamani
Ta taɓa shan duka ko fyaɗe a hannun wani,
Kuma mafi yawa abokin zama ne ke aikatawa.

Wadda aka yi wa fyaɗe, kada a tsaya dogon shawara,
A kai ta asibiti tun kafin a makara,
Domin cikin awa 72 ake so ta fara
Maganin da ke hana ƙanjamau kamawa.

Na hana ɗaukar ciki kuwa kwana 5 ne iyaka,
Tufafin da ta sa a ajiye su haka,
Kuma in zai yiwu a duba ta kafin ta yi wanka,
Domin ruwa yana tafiya da shaidar da kotu ke dubawa.

Ko da ta riga ta yi, ta je, kada ta fasa,
Allon gangamin da bai faɗi wannan ba, na yarda, ya zama wasa,
Amma wanda ya faɗa da harshen mutanen ƙasa,
Ya ceci rai, kuma ya cancanci yabawa.

Matashi:

Yaya, kin yi bayani, Allah ya saka,
Ni kuwa maza 'yan'uwana zan yi wa waƙa,
Domin daga cikinmu ake samun mai duka,
Kuma a cikinmu yake zama babu mai tsawatawa.

A 1989, a birnin Montreal na Kanada,
An harbe mata 14 a makaranta, duniya ta shaida,
A 1991 maza suka maƙala farin ƙyalle, suka yarda:
Babu duka, babu goyon bayan mai yi, babu rufewa.

Akwai yara maza ma da ake lalatawa a ɓoye,
Kunya ta hana su faɗa wa iyaye,
Sun girma da ciwon da suka shanye,
Su ma a sa su cikin waɗanda ake karewa.

Dattijo Mai Shakka:

'Yata, lissafin awoyinki ya shige ni,
Ɗana, kiranka ga maza ya gamsar da ni,
Amma akwai sauran abin da ya dame ni,
Wanda allo da rediyo ba sa iya magancewa.

Idan ta ji kiranku ta kai ƙara da safe,
Dangi suka ce ta tona asirin da ke rufe,
Mijin da ke riƙe da kuɗin gida ya koma gefe,
A ina za ta kwana, kuma wa zai ɗauki ciyarwa?

Malamin Makaranta:

Baba, amsar tambayarka ita ce mafaka,
A 1971 a Landan mata suka fara yin haka,
Gida ne da mai gudun duka da yaranta ke sauka,
Har kotu ta hana mijin kusantowa.

Saboda haka a baɗi, kafin a buga riguna,
A rubuta lambar waya da adireshi a alluna,
A tabbatar akwai mai ɗauka dare da rana,
Kuma kuɗin gidan mafaka ya riga na taro fitowa.