Kuɗin da ƙasa ke kashewa ya ƙaru: kaya ne suka ƙaru ko farashi?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A ce jimillar kuɗin da ƙasa ta kashe ta tashi daga biliyan 550 zuwa biliyan 660 cikin shekara guda. Ta yaya za a ware tsadar farashi daga ainihin ƙaruwar kaya?

Mai Alƙaluma:
Wa alaikumus salam. Fara da sanin abin da ke cikin jimillar: sayayyar magidanta, ta gwamnati, sai jarin da aka zuba a gine-gine, injina da kayan da ke ajiye a sito.

Kana buƙatar adadi biyu kowace shekara: ɗaya da farashin shekarar, ɗaya da farashin shekarar tushe, wato shekarar da aka zaɓa ana auna sauran shekaru da farashinta. Raba na farko da na biyu, ka ninka da 100, abin da ka samu shi ne ma'aunin farashin kashe kuɗi. A ce bara 550 ne da farashin lokacin, 500 da na tushe, ma'auni ya zama 110. Bana 660 da 550, ya zama 120. A nan ake yawan tuntuɓe, sai mutum ya ce farashi ya hau da kashi 10. A'a. Ƙarin 10 ɗin da aka samu daga 110 zuwa 120, raba shi da 110, ka samu kusan kashi 9.1. Kaya su ne suka ƙaru da kashi 10, daga 500 zuwa 550.

Mai Bibiyar Tattali:
Ƙari kan bayanin Malam: kada ka ɗauka wannan ma'auni ɗaya ne da ma'aunin farashin GDP, wato jimillar darajar abin da ƙasa ta samar a cikin gida. Na GDP yana ɗauke da kayan da ake fitarwa, ba ruwansa da na shigowa. Ma'aunin kashe kuɗi kuwa akasin haka ne. Ƙasar da ke sayar da ɗanyen mai, idan mai ya yi tsada a kasuwar duniya, ma'aunin GDP zai yi sama ko da kayan cikin gida ba su motsa ba. Idan kuwa darajar kuɗinta ta faɗi, kayan waje suka yi tsada, a ma'aunin kashe kuɗi za ka fara ganin abin. Shi ya sa na fi yarda da shi wajen auna nauyin da masu saye ke ɗauka.

Mai Alƙaluma:
Haka ne. Sannan a kula da shekarar tushe, don a alƙaluman Bankin Duniya kowace ƙasa da tata. Ganin 300 a wata ƙasa da 140 a wata ba ya nufin ta farko ta fi tsada. Zaɓi shekara ɗaya, raba kowane adadi da na shekarar, ninka da 100, sannan ka kwatanta saurin hawansu. Idan ƙasa ta sauya tushe a tsakiya, nemi shekarar da tsohon jeri da sabo suka haɗu, ka ɗinke su da rabon da ke tsakaninsu. In ba haka ba za ka ga tsalle a jadawali alhali farashi bai yi shi ba.