Takardar bango mai walƙiya ta ƙi fita, ku taimaka

Maman 'yan biyu:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara, mun kama haya a unguwar Zariya wata biyu ke nan, wanda ya tashi ya liƙa ma falon takardar bango irin mai ƙyalli kamar zinariya, gefen taga duk ta tattare yara sai ɓantara suke, ni ko fenti nake so. Jiya na wuni ina watsa mata ruwa da soso amma ruwan gangarowa kawai yake kamar an zuba a bayan kwano, in na ja da ƙarfi sai saman ya yage ya bar wata farar takarda manne. Farcena biyu sun karye wallahi. Mi ake sa mata?

Mai fenti na Bagalam:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ruwan naki bai kai ga gam ɗin ba shi ya sa. Wannan ƙyallin alminiyom ne ko leda aka shimfiɗa a sama, kamar takardar cikin kwalin sigari, ko kwana kika yi kina jiƙawa ba ya ratsawa, sai kin fasa mata fuska tukuna. Ki samu sanfefa mai kaushi ki goge, ko ki tsattsaga da reza a gicciye amma hannu sama sama kar ki yanki bangon. Sannan ruwan ɗumi bokiti guda da ɗan Omo, ki shafa ki bar shi kamar minti 15 ki ƙara shafawa, sai ki sa faffaɗan ƙarfen nan da muke shafa anduwi (farin kwaɓin da ake cike ramukan bango da shi kafin fenti) da shi ki tura daga ƙasa, a kwance ba a tsaye ba. Akwai shi babbar kasuwa wajen masu kayan gini.

Kuma kar ki jiƙa bango duka lokaci guda, da iskan hunturun nan kafin ki kai ƙarshe farko ya bushe kin koma gidan jiya. Kamu biyu uku, ki gama, ki matsa gaba.

Ɗan Mokoyo:
Hajiya kafin komi ki kashe kuran, wato wutar lantarki, daga kwantar (mita)!! Abin nan ƙarfe ne wuta na binshi, kuma masu liƙawa da yawa cusa bakin takardar suke bayan murfin soket. Ni ya taɓa fizgata a ɗakin ƙanena hannuna jiƙe, sai da na zauna ƙasa. Wuta mai volt 220 ba wasa ba ce, kar ki ce ai 'yan kamfanin wuta NIGELEC sun ɗauke, suna iya maidowa kina tsakar aiki.

Uwar ɗaki:
Maman biyu duba da kyau ko irin mai gam a jikinta ce wadda ake ɓare baya a manna kamar sitika, su suka cika gari yanzu. In ita ce ruwa ba ya mata komi zafi take so. Ni abin busar da gashi na ara wajen mai kitso, ina hura mata ina ja a hankali tana biyowa salin alin, sai dai fa ta tafi da tsohon fenti wuri wuri. Kin dai gaya ma mai gidan ko? kar ranar tashi ya ce kin ɓata mishi bango.

Maman 'yan biyu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Mai gida ya sani, cewa ya yi in yi amma da kuɗina 😅 Tunda farar takarda na zama a baya ina ga irin ta Malam mai fenti ce. Malam in ta fita zan iya fenti washegari?

Mai fenti na Bagalam:
A'a Hajiya kar ki yi gaggawa. Ki wanke sauran gam ɗin tas da ruwan ɗumi, ki shafa tafin hannu in kin ji santsi ko danƙo to da saura, in kika yi fenti a kai zai tsattsage ya riƙa ɓarewa. Ki buɗe tagogi kwana biyu ya sha iska, a cike ramukan da anduwi a goge sannan fenti. Ki shimfiɗa tsoffin buhuna a ƙasa tun farko, don in tarkacen nan ya bushe a kan karo (tayil ɗin ƙasa) wani aikin ne kuma.