Mai kula da injinmu zai ajiye aiki, wa zai gaje shi?

Ɗan Jega:
Salam jama'a, shawara nake nema. Kawuna na da ƙaramin injin gyaran shinkafa nan Jega, ni ke riƙe mai lissafi. Akwai wani dattijo da muke kira Baba, shi kaɗai ya san saitin robar da ke ɓare shinkafa, ya san lokacin da shanshera ta bushe daidai, da haƙori yake gwadawa wallahi, yanzu ya ce ƙirjinshi ba ya ɗaukar ƙurar ɓuntu, bayan kaka zai koma gida. Yara huɗu ke ƙarƙashinshi amma ba wanda zai iya tada inji shi kaɗai ba tare da rabin buhu ya koma karyayya ba. Mu ɗauko wani daga waje ko mu ɗaga ɗaya daga cikinsu?

Bagusaye:
Ɗan'uwa ko a gwamnati haka abin yake. Kowa ya san ranar da darakta zai cika shekara 35 da aiki ko 60 da haihuwa, tana nan cikin fayil ɗinshi tun ranar da aka ɗauke shi, amma sai saura sati biyu ake tuna takardar miƙa aiki, ya rubuta shafi uku ya miƙa makulli. Wanda ya gaje shi sai ya yi ta buga mai waya yana tambaya ina kaza take. Ku kun ma yi sa'a ya faɗa muku da wuri.

Maman Ummi:
Malam ka tambayi kanka don mi Baba bai koya ma yaran ba duk shekarun nan? Ba rowa ba ce, tsoro ne. Ya san ranar da yaro ya iya, za a ce kuɗinshi sun yi yawa. Kawunku ya zauna da shi a gaban shaidu, a yanka mai wani abu na koyarwa daban da albashi, a ce ko ya tafi zai riƙa leƙowa duk sati ana biyanshi. Sai a zaɓi yara biyu, kar ɗaya, don ɗaya zai iya samun aiki a manyan kamfanonin Argungu ko Birnin Kebbi ya tsere. Kuma yaran su san me ke gaba, wanda ya iya a ƙara mai kuɗi a kira shi mataimaki, in ba haka ba ɗaukar buhu kawai za su ci gaba da yi.

Na Kamba:
Ku sayi mitar auna danshi. Kusan kashi 14 cikin 100 ake so kafin a saka a inji, yaro ya ga lamba ya fi mai sauƙi da ya koyi haƙorin Baba. Na waje kuma ban ba ka shawara ba, bai san halin injinku ba kuma yaran za su yi mai taurin kai.

Ɗan Jega:
Na gode ƙwarai. Matsalar ɗaya ce Hajiya, kawu ɗanshi yake so a ɗora, shi kuwa yaron ko ƙofar injin ba ya son zuwa. Gobe bayan la'asar zan gwada yi ma kawu maganar.