Afarari da madara, wanne ya fi nauyi?

Mai shayi: Jama'a, ku raba mu gardama da yaron shagona. Na ce afarari ya fi madara nauyi, shi kuwa ya rantse ba haka ba ne. Abin da ke maƙale wa cokali, ta yaya madara mai ruwa-ruwa za ta rinjaye shi?

Uwargida: Gaskiyarka ce. Ai kauri shi ne nauyi.

Malamin kimiyya: Hajiya, a gafarce ni, kauri daban, nauyi daban. Man gyaɗa ya fi ruwa kauri, amma zuba shi a ruwa ki ga wa zai hau kan wani.

'Yar ruga: Ni ba sai an kawo mini littafi ba. In Inna ta tatsi shanu ta rufe ƙwarya da faifai, washegari a sama muke tarar da afarari, sai a yaɗe shi da ludayi. Tun tasowata ban taɓa ganin ya kwanta a gindin ƙwarya ba.

Mai shayi: To zuma fa, Malam? Ga kauri ga nauyi.

Malamin kimiyya: Zuma sukari ne ya cika ta, lita ɗaya kusan giram 1400. Ruwa lita ɗaya giram 1000 ne, madarar shanu kamar 1030, mai zalla na cikinta kuwa kamar 930. Afarari mai ne ya yi masa yawa, shi ya sa yake tasowa. In an kwashe shi ma, madarar da ta rage nauyi take ƙarawa, ta kai kamar 1035.

Uwargida: Amma madarar kwali ko ta kwana ba na ganin komai a samanta.

Malamin kimiyya: A masana'anta ake matsa ta da ƙarfi ta wata ƙaramar kafa, ɗigon man ya farfashe ya yi ƙanana, ya kasa tasowa.

Mai sayen madara: Nan ne masu algus suke shammatarmu. Muna da ma'aunin gilashi da muke tsomawa. In an zuba wa madara ruwa kawai, zai ƙara nutsewa ya tona asiri. Amma wanda ya yaɗe afararin tukuna sannan ya ƙara ruwa daidai gwargwado, awo zai fito lafiya lau. Dole sai an auna man ma.

Mai shayi: Wallahi har yanzu hannuna bai yarda ba.

'Yar ruga: Kawu, ajiye madarar shanu sabuwar tatsa a kwalba yau da dare, ka duba da asuba. Nawa kuka sa da yaron?

Mai shayi: Indomie da ƙwai biyu. Kada wanda ya nuna masa wannan hirar.